Yadda Na Yi wa Jariran Fagge Karatu

Ke Rifkatu, ajiye takardar nan ta asibitinku, kin ishe ni. Tun ɗazu kike kaɗa mini ita a fuska, wai likitoci sun gano yana da kyau a riƙa yi wa jariri karatu tun yana cikin tsumma. Sun gano! To, sannunsu da aiki. Ni da wannan na ci abinci a Fagge tun uwarki tana rarrafe, kuma da shi aka rufe mini ƙofofin Fagge. Ku kuma ƙawayenta da kuke dariya, wai ai buɗe littafi ne kawai a yi ta surutu, ku matso kusa. Wadda ba ta taɓa shan kunun kanwa ƙwarya shida a wuni ɗaya ba, kada ta yi mini maganar sauƙi.

Asalin sana'ata karatun wasiƙa ne. Daga ƙauyenmu na wajen Zariya muka zo Kano, kakanku yana aiki a loko, wajen gyaran jiragen ƙasa, muka kama ɗaki a Sabon Gari. Da ya rasu ya bar ni da yara uku da ɗan karatun aji huɗu na makarantar mishan, sai kawunsa Baba Ishaya ya kira ni. Shi marubucin wasiƙa ne, teburinsa yana bakin tashar jirgi. Ya ce, "Saratu, akwai abinci a Fagge da namiji ba ya iya kaiwa gare shi. Matan can mazansu suna fatauci a Ikko da Gwanja, su suna kulle. Wasiƙa ta zo, ba mai son ƙaton banza ya ji sirrinta a zaure. Ke kuwa har ƙuryar ɗaki za ki shiga."

Wata shida ina zuwa gidansa da la'asar yana gyara ni. Mutum ne mai faɗa, in na yi tuntuɓe a kalma sai ya buga tebur har tawada ta yi tsalle. Kullum maganarsa ita ce ido ya riga baki. "Ki karanta wasiƙa a zuci har ƙarshe kafin ki buɗe baki, kada ki fara gaisuwa da fara'a ki tarar da mutuwa a layi na huɗu." Ranar da ya sallame ni ya ba ni tsohon tabarau. Na sa, na ce Baba, ai ba ya ƙara gani. Ya ce, "Gilashin taga ne. Amma in ba ki ɗora shi a hanci ba, ba wanda zai yarda kin iya karatu." Kuma gaskiyarsa, ranar da na manta shi a gida wata mata sai da ta nemi a rage mata kwabo.

Aikin jarirai kuwa ban neme shi ba, shi ya same ni. Wata safiya aka kira ni gidan wani mai goro, matarsa tana jego kwana tara, shi yana Ikko ya aiko da wasiƙa. Jaririn ya kwana biyu yana tsala ihu, an yi jiƙo, an yi tofi, a banza. Na zauna bakin gado na fara karantawa da ƙarfi don muryata ta fi tasa. Ban kai rabi ba yaro ya yi tsit. Na gama, ya sake ɓarkewa. Kakarsa ta ce, "Maimaita, 'yar nan!" Sau biyar na karanta wasiƙar nan, har maganar farashin goro da gaisuwar maƙwabta. Da na gaji na juya ambulan na karanta adireshi, na karanta abin da ke jikin kan sarki. Yaro ya yi barci.

Tsohuwa ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! Wannan akawu ne aka haifa mana."

Ku ba ku san akawu na lokacin ba. Farin gajeren wando, doguwar safa har gwiwa, alƙalami uku a aljihu, ga keke mai fitila. Ya zauna a inuwa ya rubuta, mai ɗaukar buhu yana rana. 'Yan barka suka kwashi maganar, dillalai suka ƙara mata gishiri, kafin sati biyu Fagge ta yarda cewa in aka zuba wa jariri boko a kunne kafin a gama arba'in, to ya shige shi ke nan, makaranta sai dai ta ƙarasa. Ni ban ce haka ne ba, ban kuma ce ba haka ba ne. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Sai ku ji odar da ake ba ni. Wani yana son ɗansa ya zama shugaban tashar jirgi, ya aiko da jadawalin jirgi, na wuni ina jera wa ɗan kwana goma sunayen tashoshi daga Kano har Ikko. Wani da ya sha shari'a ya kawo tsohon sammacinsa, wai ɗansa lauya zai yi. Akwai tela da ya ce shi Turanci zalla yake so, ni kuwa Turancina bai wuce cikin cokali ba, sai na sami gwangwanin madara da takardar cikin kwalin maganin tari, na yi ta karanta su gaba da baya. Yaron nan ya ji yadda ake shan cokali biyu bayan abinci ya fi sau ɗari. Jarirai mata ba a cika kirana a kansu ba. In ma tagwaye ne mace da namiji, sai a fitar da macen tsakar gida, kada ta tsinci abin da ba nata ba idonta ya buɗe.

Ina da ƙa'idata. Ba na farawa sai an yi suna, kuma ba na raɗa a kunne, wannan hurumin uba ne da liman. Littafin addinina ban taɓa shiga gidan Musulmi da shi ba, shi ya sa malaman unguwa suka ƙyale ni, suna dai yi mini kallon mai sayar da iska. Kayan aikina jakar fata ce, da littafin koyon baƙaƙe, da tsofaffin jaridu, da leda. Ledar ita ce babba. Namiji ɗan sati biyu in ya saki fitsari ba ya kuskure, ya ci mini littafi biyu kafin in yi hankali.

Kuma ɗakin mai jego ba ofis ba ne. An hura wuta ƙarƙashin gado, ga tururin ruwan wanka, takarda ta yi laushi kamar waina, tabarau ya yi hazo, gumi yana bin bayanki. Kowane gida a miƙo miki kunun kanwa, in kin ƙi a ce kina ƙyamarsu. Lokacin aikin da hantsi ne, bayan an yi wanka an sha nono, ba kafin nan ba, don jariri mai yunwa ko sarki ne ke karatu ba ruwansa. Murya daga ƙirji ake ɗauko ta, ba daga hanci ba. In za ki juya shafi ba a yin shiru, sai ki ja kalmar ƙarshe har hannunki ya gama, in ba haka ba ya farka. Idonki ɗaya a takarda, ɗaya a hannun yaro. In ya dunƙule, yana tare da ke. In yatsu suka fara buɗewa sai ki riƙa sauke murya kaɗan-kaɗan. Na yi shekara uku a haka, toro, wato kwabo uku, a kowane zama, wani gidan har da ƙauri a kwano in kai wa yara.

Sai shekarar akwati ta zo. Rediyon nan ne da ake jawo masa waya a maƙala a bango, ba ya da tasha sai ɗaya. Da can gidajen manya kaɗai ke da shi, a shekarar kuwa ya cika Fagge. Wani mai wayo ya ce, me ya sa za a ba Saratu toro ta yi rabin sa'a, ga akwati yana zuba tun safe har dare, Hausa da Turanci, ba ya shan kunu? Shi ke nan, aka riƙa shimfiɗe jarirai ƙarƙashin akwati kamar shanyar kuɓewa. Daga gida shida a wuni na koma ɗaya, daga ɗaya na koma zagaya lungu ina gaishe da mutanen da ba su kira ni ba. Ranar da na dafa wa yarana gari da ruwan barkono na ce musu miya ce, ranar na san sana'a ta mutu.

Ana cikin haka Alhaji Garba mai awon gyaɗa ya aiko. Gidansa yana gab da layin dogo, in jirgi ya wuce har kwanuka sai sun amsa. Na same shi a zaure ya cika kujera. Ya ce, "Ke ce mai karatun? Akwati na kowa da kowa ne, har mai faskare ya sa. Ɗana mutum zai yi wa karatu. Turawan nan tafiya za su yi, kujerunsu ba za su bi su ba. Joji nake so. Sule guda kullum, kuma ban da Hausa."

Sule guda! Na ce Alhaji, ko razdan kake so sai a duba.

Matarsa Hajara yarinya ce siririya, ba ta da yawan magana. Wannan haihuwarta ta uku, biyun farko sun koma tun ba a yaye su ba. Yaron sunansa Yusufu. Ban taɓa samun mai saurare irinsa ba. Ina buɗe baki zai kafa mini ido, ba kuka, ba mutsu-mutsu. Alhaji ya ji labari, ya sa a riƙa fito da shi zaure in yi karatun gaban abokansa. Rana ta biyar ina tsakiyar takardar maganin tari, jirgin kaya ya zo daidai bayan katanga ya saki kuka. Wani dattijo sai da carbinsa ya faɗi. Yusufu ko gezau.

Alhaji ya miƙe tsaye. "Kun gani? Kun gani da idonku? Jirgi guda bai raba hankalinsa da karatu ba! Ɗan wa ya taɓa yin haka a ƙarƙashin akwati?"

Kafin Juma'a an fara sauke jarirai daga ƙarƙashin akwati ana aiko mini. Gida bakwai, gida takwas. Na sayi shinkafa, na ɗinka wa uwarki riga.

Amma ni na san aikina. Jariri mai ji, in kika sauke murya, jikinsa yakan saki. In kika ɗaga, girarsa takan motsa. Yusufu bakina yake kallo, ba muryata yake bi ba. Wata rana na gwada, na yi ta motsa leɓe ba sauti, ya ci gaba da kallona yadda ya saba. Na faki ido Hajara ta juya baya, na ɗauki tasa na sake ta a ƙasa daidai bayan kansa. Kajin tsakar gida suka watse. Shi ko ƙiftawa.

Hajara ba ta juyo ba. Ta ce, "Na riga ki, Yaya Saratu. Da murfin langa na gwada, tun kwana uku da suna."

Ta zo ta zauna kusa da ni, ta yi ƙasa da murya. "An ce akwai likitan da ke duba kunne a asibiti. Ni ba ni da ikon fita sai ya ce. In kuma ni na faɗa masa, uwarsa za ta ce cikina ne ba ya haifar na kirki, dama tana faɗa. Ke baƙuwa ce. In ya kore ki, Sabon Gari za ki koma. Ni in ya kore ni, yaron zai karɓe."

Na ce mata bari in yi tunani. Tunanin nan kwana goma sha biyu na yi ina yinsa. Kada ku dube ni haka! Yaron nan shi ne tallata, a kansa nake cin gida takwas. Kullum in shiga in sa tabarau in yi wa kurma Turanci, in karɓi sule, uwarsa tana kallona. Na ji kunya, ina gaya muku, kunyar da ban taɓa ji ba, shinkafar ma ta daina yi mini daɗi. Na je wurin Baba Ishaya ko zai ba ni mafita. Bai ko ɗago daga rubutunsa ba, ya ce, "Wasiƙar mutuwa ma karanta ta ake yi. Ba a mayar da ita ambulan."

Washegari na tsaya a zaure na ce, "Alhaji, ina da magana. Yaron nan a kai shi asibiti. Ina jin ba ya ji."

Ya yi dariya tukuna. Da ya ga ban yi ba, ya sa aka fito da yaron. Ya tafa a kunnensa. Ya kira sunansa da muryar da yake kiran 'yan dako. Ya ɗauko farantin sikeli ya maka masa dutsen awo, har ni sai da na toshe kunne. Yusufu yana ta kallon rufin zaure. Na ji tausayin Alhaji ƙwarai, don a lokacin ba mai gyaɗa ba ne, uba ne kawai. Amma tausayin bai daɗe ba. Ya juyo ya nuna ni da yatsa.

"Lafiya lau aka haifar mini ɗa. Na yi masa huɗuba da bakina, ya ji. Ke kika ɗura masa Turanci safe da rana har kunnen ya cika ya toshe!"

Na ce, "Alhaji, ai kai ka ce ban da Hausa."

"Fita! Fitar mini daga gida!"

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Kafin la'asar labari ya gama Fagge, wai boko ya toshe wa ɗan Alhaji Garba kunne. Ranar na so a ce kuna nan. Duk gidan da na taɓa shiga aka ɗauko tasa da muciya da murfin tukunya ana gwada yara. Unguwa ta ɗauka kamar maƙera, jarirai suna ihu ta ko'ina, iyaye suna hamdala. Wanda ɗansa ya fi tsala kuka shi ya fi murna, wai Allah ya sa an farga da wuri. Telan nan mai Turanci zalla har sadaka ya yi. Aka ɗiga wa yara man shanu a kunne don ya narkar da abin da ya riga ya shiga.

An kai Yusufu asibiti, wannan kam an yi. Likita ya duba ya ce haka aka haife shi, ba abin da ya toshe, ba kuma abin da za a buɗe. Alhaji ya ce dama ai bakinsu ɗaya, ɗan boko ba zai tona ɗan boko ba. Hajara dai ta tsira da ɗakinta, tunda an sami mai laifi. Ni kuwa ko wasiƙa aka kira ni karantawa, sai an fitar da goyo waje, wasu har da auduga a kunne. Daga baya kiran ma ya ɗauke. Na sayi kasko na koma suyar ƙosai a bakin titi.

Bayan wata uku wata dillaliya ta tsaya gaban kaskona, ta sayi na kwabo, ta ce Hajara tana nemana, in zo da hantsi lokacin Alhaji yana wajen awo, in kuma zo da littafin baƙaƙe. Raina ya ɓaci. Na ce su ba su gaji ba? Amma na je. Na yafa mayafi, na ɗora tallan atamfa na aro a ka, littafin yana ƙarƙashi, na shiga kamar mai sayar da zane.

Na same ta zaune a tabarma, Yusufu a cinyarta ya yi ɓul-ɓul. Ban ko zauna ba na ce, "Hajara, kin fi kowa sanin ba ya ji. In na yi shekara ina karanta masa, ɗaya ne. Kada ki ɓata kuɗinki, ni ma kada a kama ni a nan a ce na zo ƙarasa shi."

Ta ce, "Ba shi za ki yi wa ba. Ni za ki koya wa."

Na sauke tallan na zauna.

Ta ce, "Zai yi rarrafe, ba zan iya ce masa kauce ga wuta ba. Zai girma, ba zai san ina yi masa faɗa ko ina sa masa albarka ba. In na iya, zan koya masa da kaina, ko a ƙasa ne da tsinke. Takardar nan taku tana ɗaukar magana daga Ikko ta kawo Fagge." Ta dafa ƙirjinta, sannan ta dafa kan yaron. "Ni daga nan zuwa nan kawai nake so ta kai mini."

Na lalubi tabarau a jaka, sai na ga ba amfani, na bar shi. Na buɗe shafin farko na kama yatsanta na ɗora a kan baƙin farko, na faɗa, na ce ta maimaita. Ta ɗauki Yusufu ta manna shi a ƙirji don hannunta ya sami sarari, ta faɗa a hankali kamar mai tsoron a ji ta. Na ce ba haka ba, daga ƙirji, da ƙarfi. Ta ja numfashi ta sake faɗa. Yaron ya ji rawar muryar a jikinsa, ya ɗago kai daga wuyanta ya dubi bakinta.

Ta share ido da gefen zane, ta ce, "Na gaba fa, Yaya Saratu?"